Littafin babur ya ce 87, famfo ya ce 91: wane fetur ya dace da injina?

Mai Shuɗin Babur ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota babur. Akwai wani al'amari game da man fetur da ya daɗe yana damuna, kuma ina roƙon waɗanda suka san inji ciki da bai su taimaka su warware mini shi.

Watanni takwas ke nan da na sayi babur na hannu mai silinda biyu, girman injinsa 650cc, wanda iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma da kafireta yake shan mai, ba injekta ba. A Amurka aka fara sayar da shi, littafin da ya zo da shi ma na kasuwar can ne, kuma a shafin da ke maganar mai an rubuta ƙarara cewa a zuba masa fetur marar dalma mai lambar okten 87 ko abin da ya fi haka. Gidajen man da nake zuwa kuwa ba su da 87 sam, lambobin da ke jikin famfunansu 91 ne da 95 da 98. Sai na yi lissafi cewa tun da 91 ta ɗara 87 da huɗu, na cika sharaɗin har da rara, na ci gaba da shan 91 hankalina kwance.

Tun watan jiya na fara jin wata ƙara da ban saba da ita ba. Ba ta zuwa da safe, kuma ba ta zuwa idan babur yana tsaye inji na juyawa. Sai rana ta take, inji ya ɗauki zafi, na ɗauko mutum a baya, mun kama hawan tudu ina cikin giyar ƙarshe, to da zarar na murɗa totur sai in ji wani ƙas-ƙas mai kaifi daga saman inji, kamar an zuba 'yan tsakuwoyi cikin gwangwani ana girgizawa. Idan na sassauta hannu ko na sauko giya ɗaya, nan take take ɗaukewa. Na gwada 95 har tanki biyu, ƙarar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ɓace gaba ɗaya ba.

Wani abokina ya ce in koma 98 kawai in huta, domin a cewarsa ya fi ƙarfi, yana ƙara gudu, kuma yana wanke inji. Wani kuma ya tsorata ni da cewa 98 ya fi ƙarfin injina, zai ƙona mini bawul. Ina so in san ko 91 ya ishi wannan babur da gaske, ko ƙarar nan tana yi wa inji illa, kuma ko akwai wata riba a shan mai da ya haura abin da littafi ya nema. Na gode.

Ɗalibin Inji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafin da ka yi na rarar huɗu bai tsaya ba, domin 87 ɗin littafinka da 91 ɗin famfo ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Wannan shi ne ƙullin farko, kuma yana rikita masu baburan da aka shigo da su daga Amurka sosai.

Hanyoyi biyu ne ake gwada fetur da su, duka a cikin wani ƙaramin inji na gwaji mai silinda ɗaya wanda ake iya ƙara masa matsi ko a rage yana cikin aiki. Hanya ta farko, wadda ake kira RON, inji yana juyi 600 ne a minti cikin yanayi mai sauƙi. Ta biyu, wato MON, ta fi tsanani, ana kai shi juyi 900 a minti, kuma ana ɗumama gaurayen mai da iska zuwa digiri 149 a ma'aunin Selsiyos kafin ya shiga silinda. Fetur ɗaya yakan sami lambar da ta yi ƙasa da kusan takwas zuwa goma sha biyu a gwaji na biyu. Turai da Ostireliya da Japan da yawancin ƙasashen duniya lambar RON suke rubutawa a jikin famfo. Amurka da Kanada kuwa sukan haɗa lambobin biyu ne su raba biyu, su rubuta matsakaicin, wanda ake kira AKI. Saboda haka 87 na Amurka daidai yake da RON 91 zuwa 92, 91 nasu kusan RON 95 ne, 93 nasu kuma kusan RON 98. Jerin 91 da 95 da 98 da ka ambata jerin RON ne. Ke nan kana tsaye daidai kan layin da kamfani ya shata, ba ka gaza ba, amma kuma ba ka da rarar da kake tsammani.

Ita lambar okten abu ɗaya tak take faɗa, wato iya juriyar fetur ga matsi da zafi ba tare da ya kama wuta da kansa ba. A shekarun 1920 wani masanin sinadarai a Amurka mai suna Graham Edgar ya kafa ma'aunin da sinadarai biyu: ayiso-okten, wanda yake da juriya sosai, aka ba shi 100, da hebten, wanda ke saurin fashewa, aka ba shi sifili. Idan aka ce fetur 91 ne, ana nufin ya jure a injin gwaji kamar yadda gaurayen kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun yake jurewa. Babu maganar ƙarfi a ciki, babu maganar tsabta, babu maganar zafin wuta.

Dalilin da ya sa juriyar take da muhimmanci yana cikin abin da ke faruwa a saman fistan. Idan komai na tafiya daidai, fistan ya hau ya matse gaurayen mai da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, sai wuta ta tashi daga bakin fulogi ta bazu zuwa bangon silinda kamar yadda take cin busasshiyar ciyawa, da sauri amma bi da bi, tana tura fistan ƙasa a tsanake. To yayin da take tafiya, gaurayen da ya rage can gefe yana shan matsi ta fuska biyu, daga fistan da kuma daga iskar da ta riga ta ƙone tana faɗaɗa. Idan fetur ɗin ba shi da isasshiyar juriya, wannan ragowar ba ta jiran wuta ta iso, sai ta fashe gaba ɗaya lokaci guda, girgizar ta riƙa dukan bangon silinda da kan fistan sau dubbai a cikin daƙiƙa. Wannan dukan, da ake kira ƙwanƙwasa, shi ne kake ji kamar tsakuwa a gwangwani. Kuma kowane sharaɗi da ka lissafa yana kiran sa: zafin rana, nauyi, hawa, da buɗe totur sosai alhali inji na juyi a hankali, domin idan juyi ya yi ƙasa ragowar gaurayen tana samun lokaci mai tsawo tana dahuwa kafin wuta ta cim mata. Shi ya sa sauko da giya yake kashe ƙarar.

Game da abokanka, duka biyun sun kauce. Fetur 98 ba ya ɗauke da kuzarin da ya fi na 91 da wani abin a-zo-a-gani. Hujja mafi sauƙi ita ce etanol, nau'in barasar da ake gauraya wa fetur, wanda lambarsa ta RON ta kai wajen 108, amma kuzarin da ke cikin lita ɗayarsa kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na fetur. Ƙarin ƙarfin da ake gani a manyan baburan tsere daga ƙirar inji yake fitowa. An ƙera su da matsi mai yawa, kamar Yamaha R1 mai 13:1, wato fistan yana matse gauraye zuwa kashi ɗaya cikin goma sha uku na girmansa, ko Ducati Panigale V4 mai 14:1, sai suka buƙaci mai mai juriya don su iya aiki a wannan matsin lafiya. Ƙananan baburan 125cc na yau da kullum kuwa matsinsu yana wajen 9:1 ne zuwa 10:1, kuma ko ka cika musu tanki da 98 ba su da hanyar cin moriyarsa. Haka nan 98 ba ya ƙona bawul. Idan ka zuba shi a injin da ba ya buƙatarsa, kuɗinka kawai ka ƙara kashewa.

Sai dai ina jan hankalinka kada ka yanke hukunci da lambar matsi kaɗai. Silinda mai faɗi tana sa wuta ta yi doguwar tafiya, inji mai sanyaya da iska yana aiki da zafi fiye da mai lagireto, kuma siffar ɗakin ƙonewa tana da nata tasirin. Shi ya sa Harley-Davidson ke neman 91 na Amurka, wato RON 95, ga manyan injinanta duk da matsinsu bai kai na baburan tsere ba, alhali baburan Honda da yawa RON 91 suke nema. Kamfanin da ya ƙera inji ya riga ya haɗa duk waɗannan a gwaje-gwajensa, kuma lambar da ya rubuta ita ce mafi ƙarancin abin da za ka zuba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne ka yi wata bakwai a kan 91 lafiya lau, sannan ƙarar ta bayyana, kuma 95 ma bai kashe ta ba. Wannan yana nuna cewa injin ne ya canza.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Ɗalibin Inji ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani, kuma daga jimlarsa ta ƙarshe zan ɗora. Ɗana, ka ajiye maganar famfo tukuna, ka kwance fulogoginka biyu ka jera su a kan tsumma mai tsabta.

Da farko ka bambanta wannan ƙarar da abin da muke nufi a wajen aiki idan muka ce inji ya buga. Inji ya buga shi ne ya riga ya lalace, ya cije ko ya karya wani abu a ciki. Taka ƙarar gargaɗi ce, amma idan aka yi biris da ita can take kaiwa. Na sha buɗe injin da ya daɗe yana yin ta, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: gefen kan fistan ya yi tsaga-tsaga kamar an feshe shi da yashi, gaɓar da ke tsakanin zobe na farko da na biyu ta tsage, farin dutsen da ke bakin fulogi ya fashe, wani lokaci gaskit ɗin kan silinda ya ƙone ta gefe ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato wuta ta tashi tun kafin fulogi ya ba da tartsatsi saboda wani wuri a ciki ya yi ja zur da zafi. Wannan sau da yawa ba ya ƙara, sai dai ka ga rami a tsakiyar fistan. Ƙwanƙwasar da ta daɗe tana ƙara wa ɗakin ƙonewa zafi, kuma ita ce ke share wa wancan hanya.

Ka tabbata kuma ba ƙarar tafet ko ta sarƙar tamin kake ji ba. Su waɗannan juyin inji suke bi, za ka ji su ko babur yana tsaye, kuma ba su damu da hawa ko gangara ba. Taka nauyi take bi, shi ya sa na yarda ƙwanƙwasar mai ce.

Idan ka jera fulogogin, launinsu zai yi maka magana. Lafiyayye yakan yi ruwan ƙasa mai haske. Idan ɗaya ya yi fari fat, ko ka ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe ko masu ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe a jikin farin dutsen, wannan silindar tana shan iska fiye da mai, kuma gaurayen da mai ya yi masa ƙaranci yana sa inji zafi. A irin baburinka abin da na fi zargi shi ne robar da ke haɗa kafireta da kan silinda. Shekaru da zafi sukan busar da ita ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Sai kuma jet ɗin kafireta da datti ya rage wa rami, da matatar iska da aka cire ko aka huda, da salansa da aka sauya da mai buɗaɗɗen baki ba tare da an daidaita kafireta ba. Babur na hannu ne, ba ka san abin da mai shi na farko ya taɓa ba.

Ka duba lambar fulogin ka gwada da ta littafi. Kowane fulogi yana da saurin da yake fitar da zafi daga bakinsa, kuma kamfanoni ba su jera lambobin hanya ɗaya ba. A NGK lamba babba ita ce mai sanyi, a Champion da Bosch kuwa babba ita ce mai zafi. Na taɓa karɓar babur mai irin ƙararka wanda mai shi ya yi wata da watanni yana shan mai mafi tsada, ashe wani mai gyara ne ya ɗaura masa fulogin da ya fi na littafi zafi da mataki biyu don kawai zarensa ya shiga ramin. Muna sauya shi ƙarar ta tafi.

Akwai kunkunniya ma. Injin da ya tsufa, musamman idan yana ɗan shan baƙin mai, yakan tara baƙin ɓawo a kan fistan da rufin silinda. Ɓawon yana rage sararin ɗakin, matsi ya ƙaru, yana kuma riƙe zafi kamar bargo. Irin wannan injin yana iya neman okten da ya ɗara na ranar da ya fito daga kamfani. Ka wanke laka daga tsakanin fikafikan silinda, domin nan ne kawai injinka yake numfashi, ka auna baƙin mai, kuma ka sa a duba tamin ɗin wuta, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, idan an taɓa sauya akwatin wutar.

Shawarata ita ce ka ci gaba da 95 har ka gano dalilin, kuma ka daina jan hawa da giyar ƙarshe. Amma kada ka mai da 98 maganin dindindin, domin zai rufe ƙarar ne kawai, silindar da ba ta samun isasshen mai kuwa za ta ci gaba da cin zafi a ɓoye.

Matafiyi ya rubuta:

Na yarda da Malam Ɗalibi cewa okten ba ƙarfi ba ne, kuma na yarda da Baba cewa a fara da fulogi. Amma ba na so mu bar mai tambaya da tunanin cewa babu wani dalili na zaɓen famfo mai babbar lamba sai ɓarna, domin akwai lokutan da nake zaɓensa da gangan, kuma ba don lambar ba.

Dalilin shi ne etanol. A ƙasashe da dama fetur mai ƙaramar lamba shi ne aka fi gauraya wa etanol. A Birtaniya, alal misali, tun watan Satumba na 2021 fetur 95 na yau da kullum ya zama E10, wato yana iya ɗaukar etanol har kashi 10 cikin ɗari, na 97 zuwa sama kuwa aka bar shi a E5. Baburan zamani an ƙera su su sha E10 ba matsala. Tsohon babur mai kafireta kuwa labarinsa daban ne. Etanol yana jan ruwa daga iska, yana cin wasu tsofaffin robobi da tiyo, kuma tun da yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, yana ɗan sa gauraye ya yi ƙarancin mai, ita kuwa kafireta ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta gyara kanta kamar injekta. Na taɓa ajiye babur na wata biyar da rabin tanki, da na kwance kwanon kafireta na tarar da wani ɗanko kore-kore ya toshe ƙaramin jet. Tun daga lokacin, idan zan ajiye babur, nakan nemi man da etanol ɗinsa ya fi ƙaranci, in cika tanki, in kuma tsiyaye kafireta. A Amurka ma ba a yarda a zuba E15 a babur ba. Saboda haka a karanta harafin E da ke jikin famfo kamar yadda ake karanta lambar okten.

Maganar wanke inji kuma tana da ɗan tushe, sai dai an jingina ta ga abin da ba shi ba. Sinadaran wanki da ake zuba wa fetur daban suke da okten. Wasu kamfanoni sukan ƙara yawansu a man da suka fi tsadantawa, wasu kuma iri ɗaya suke zubawa a duka famfunan.

Wuri ma yana sauya buƙatar inji. A kan tsaunuka iska ba ta da kauri, abin da ke shiga silinda ya ragu, matsi ya sauka, shi ya sa ake sayar da 85 a wasu jihohin Amurka da ke kan tsaunukan Roki. A ƙasa mai zafi da bushewa kuwa, da kaya niƙi-niƙi a baya, hawa mataki ɗaya sama da na littafi hikima ce ga inji mai sanyaya da iska. Wanda kuma yake inda fetur iri ɗaya kawai ake sayarwa, abin da ya rage masa shi ne ya sha mai a inda ake yawan ciniki don ya sami sabo, ya guji duk man da ake zargin an surka shi da kananzir, domin kananzir yana rusa okten ƙwarai, kuma ya riƙa sauko da giya da wuri.

Mai Shuɗin Babur ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na bi maganarka daki-daki. Fulogin dama ruwan ƙasa ne, na hagu kuwa fari ne tas, har da 'yan ɗige-ɗigen da ka kwatanta. Lambarsu ta yi daidai da ta littafi. Da muka cire kafireta muka lanƙwasa robar hagu da hannu, sai ga tsaga a ƙasanta wadda farce yake shiga, alhali daga sama lafiya lau take. Mun sauya robobin biyu, mun wanke jet, mun sa sababbin fulogogi, na kuma kankare busasshiyar lakar da ta cike tsakanin fikafikan silindun. Na koma kan 91, na bi tudun nan da rana tsaka da mutum a baya, kuma ban ji komai ba sai sau ɗaya da na yi gangancin barin sa a giyar ƙarshe yana tafiya a hankali, nan ma ƙas ɗaya ko biyu ne.

Saura tambayoyi biyu, Malam Ɗalibi. Tun da kamar yadda ka ce ina kan layi ne daidai, shin zan iya haɗa 91 da 95 a tanki ɗaya a lokacin zafi, ko haɗin yana da illa? Sannan na ga wasu 'yan kwalabe da ake sayarwa waɗanda aka rubuta cewa suna ƙara okten da maki da yawa, kuma wani ya ba ni shawarar man jirgin sama. Ko akwai mai amfani a cikinsu?

Ɗalibin Inji ya rubuta:

Madalla, na ji daɗin wannan labari, kuma yabon na Baba ne. Haɗa 91 da 95 ba shi da wata illa. Fetur ne duka, suna gaurayuwa sarai, kuma lambar da za ka samu tana kusa da matsakaicin su gwargwadon yawan kowanne, rabi da rabi zai ba ka wajen 93. Gidajen mai da yawa a Amurka ma haka suke samar da famfon tsakiya, tankuna biyu ne a ƙasa, famfo yake haɗa su lokacin da ake zubawa. Ga inji irin naka, wanda ba shi da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta ja tamin baya da kanta kamar yadda motoci da wasu manyan baburan zamani suke yi, kunnenka shi ne na'urar. Idan za ka yi doguwar tafiya da nauyi cikin tsananin zafi, ka sha 95 ko haɗin, sauran kwanaki 91 ya ishe ka. Ƙas ɗaya ko biyu a giyar da ba ta dace ba ba abin tashin hankali ba ne, wadda ke ɓarna ita ce mai ɗorewa.

Kwalaben nan kuwa ka lura da kalmar maki. A yawancinsu maki ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na lamba, saboda haka wadda ta yi alkawarin maki biyar za ta ɗaga 91 ne zuwa 91.5 kawai. Waɗanda suke aiki da gaske sau da yawa suna ɗauke da sinadarin manganis ko na ƙarfe, wanda ke barin jan tsatsa-tsatsa a bakin fulogi har ya hana ka karanta launinsa, kuma ka ga yadda launin nan ya cece ka a wannan karon. Tun da 95 yana nan a famfon da ke gefenka, ban ga abin da kwalba za ta ƙara maka ba.

Man jirgin sama mai lamba 100LL ka bar shi inda yake, domin yana ɗauke da dalma. A 1921 ne Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa, duniya ta yi shekaru da dama tana zuba shi a fetur, har aka tabbatar da gubarsa ga jini da ƙwaƙwalwar yara aka shiga janye shi ƙasa bayan ƙasa, kuma Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da shi ga ababen hawa na titi a 2021. A cikin inji yana tara dauɗa a fulogi da bawul, a baburan zamani kuma yana kashe matatar hayaƙi da na'urar auna oksijin da ke jikin salansa, ga shi kai da wanda ke bayanka ne za ku fara shaƙar hayaƙin.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Ɗana, aiki ya yi kyau. Abu ɗaya ya rage. Tun da silindar hagu ta yi kusan wata guda tana cin zafi, kuma ɗige-ɗigen nan masu ƙyalli daga jikin fistan suke fitowa, ka nemi ma'aunin matsi a gwada silindun biyu inji yana da ɗumi, totur a buɗe gaba ɗaya. Idan bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, zobuna da bawul sun tsira. Bayan ka yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, ka sake kwance sababbin fulogogin ka jera su, ka zo ka faɗa mana ko na hagu ya yi launin ɗan'uwansa.